Ranar da Na Ce Musu Galat

Da hantsi suka zo suka shafa wa gidanmu jan fenti. Mutum biyu ne, ɗaya riƙe da takarda, ɗaya da gwangwani, suka rubuta kalma guda a jikin bango suka sa lamba a ƙarƙashinta. Da a ce da can suka zo, sai na nemi wanda zai karanta mini. Amma ranar da kaina na haɗa baƙaƙen: izala. Wato rusau. Na leƙo na ce wa mai gwangwanin, in zai rushe wa mace gidan da ta haifi 'ya'ya shida a ciki, ai ya kamata ya gyara hannu, wannan rubutun nasa ko kaza ta fi shi. Ya ce shi ma aiko shi aka yi. Na ce duk wanda ya taɓa yi mini ɓarna a duniyar nan aiko shi aka yi. Haka nake, kowa a unguwarmu ta Tandabawi, nan Makka, ya sani, ban iya ajiye magana ta kwana ba. Amma akwai kalma ɗaya da bakin nan ya yi shekara arba'in da wani abu bai furta ba, kuma ita ce ta kusa kashe ni.

Yanzu ina unguwar Shisha, hawa na huɗu, a gidan babban ɗana. Ban ce gidan ba shi da kyau ba. Ruwa daga bango, sanyi daga bango, amma sai ka wuni ba ka ji ko tarin maƙwabci ba. Jikata ta haifi ɗanta na fari, tana cilla shi sama a gaban surukanta, tana sumbatarsa, tana kiran sunansa kamar mai tallan ƙosai. Da can in na ga haka tofar da yawu nake yi. Yanzu kallo kawai nake. Dalilin da ya sa na daina tofarwa shi zan zuba a sauran shafukan littafin makarantata, tun idona yana gani.

Dutsen da muka tashi a kansa ba ya shiru. Kafin rana ta taɓa saman ɗakuna za ka ji 'yan garuwa suna hawowa, gwangwanayensu suna kukan ƙarfe, suna nishi a kan matakala. Daga nan sai turame. Mu matan Takari mu ke yi wa gidajen Larabawa daka, alkama da barkono da lalle, mu uku a turmi ɗaya, muna lugude muna zagin mazajenmu cikin waƙa, su kuwa masu gida suna tsammanin yabon Annabi muke. Da rana wanki, da yamma suyar gyaɗa. Tantabaru suna sauka har kan faifanka, ba ka isa ka jefe su ba, don tsofaffi sun ce a garin nan ko ƙaya ba a karya wa reshe. Bindigar da na sani duk ƙuruciyata guda ɗaya ce, igwar shan ruwa da ake bugawa daga kan dutse in azumi ya zo. In ta tashi sai yara su yi shewa, kowa ya kai dabino baki. A kunnenmu ƙarar wuta albishir ce. Yau igwar ta yi shiru, turamen sun zama itacen wuta, inda muke shanya kuwa katafila ce ke juyi.

Ba a Makka aka haife ni ba. Da ƙafa muka zo, mu yi tafiya, mu tsaya mu yi noma, mu ƙara gaba, har muka iso bakin Bahar Maliya haƙorana na gaba ba su gama fitowa ba. Jirgin katako muka shiga, mai ƙyallen iska, an cusa mu kamar goro a huhu. Tare da mu akwai yayanmu, ɗan farin innata, saurayi ne har ya isa aure, shi ke ɗaukata a wuya in ƙafata ta fashe. Tun a gaɓa zazzaɓi ya kama shi. Muna tsakiyar ruwa iska ta ɗauke, jirgin ya tsaya cik, salkuna suka fara bushewa. Rana ta uku bayan azahar ya shiga kiran innata. Yaya yake ce mata, don ɗan fari ba ya cewa Inna. Tana zaune bai fi kamu biyu tsakaninsu ba, ta juya masa ƙeya tana kallon ruwa. Abin da ta ce kawai, kuma ba shi ta gaya wa ba, iska ta gaya wa: "A ba shi ruwa." Kafin la'asar ya cika. Aka naɗe shi a rawanin babanmu, masu jirgi suka ɗaura dutse, aka yi masa salla a tsaye jirgi yana rangaji. Ƙarar da teku ta yi da ta karɓe shi ba ta fi ta guga a rijiya ba. Innata ba ta waiwaya ba, ba ta kira sunansa ba, idonta a bushe. Wata tsohuwa ta dube mu yara mata ta ce mu buɗe ido mu ga 'yar asali, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na haɗiye maganar nan tun daga ranar, ta zauna mini a ciki ta yi saiwa. Innata ta daɗe a Makka bayan haka, amma har ta koma ga Allah ba ta ƙara cin kifi ba. Takan ce ƙaiƙayi yake sa ta. Sai da na yi furfura na gane ƙaryar.

Aka yi mini aure da mutumin da aka haifa a nan, wanda kakansa ne ya yi tafiyar da muka yi. Na haifi namiji, aka sa masa sunan mahaifin mijina. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya: ga ɗan fari, ga sunan suruki. Da aka yaye shi aka kai shi wurin gwaggonsa, yayar mijina, gida biyu sama da namu, ita ce ya tashi yana kira Inna. Ni kuwa Yaya. In ya shigo na fita, in an tambaye ni shi na ce wancan, in dole ta kama in yi masa magana sai in yi wa bango. Iyakar abin da nake yi, in na dafa nama sai in tsame tsoka mafi kyau in aika wa Gwaggo. Gwaggo kuwa ba ta da haƙori ko ɗaya. Duk unguwa an san mai cin naman, ba wanda ya taɓa faɗa.

To ga inda garin nan ya ɗaure ni. Larabawa ba su da girmamawar da ta wuce a kira mace da sunan ɗanta na fari, Ummu wane. Maƙwabciya za ta leƙo ta taga ta ƙwala shi da ƙarfi, ita a ganinta rawani ta naɗa mini, ni kuwa ji nake kamar an kwance mini zane a kasuwa. Ban taɓa amsawa ba. Mai gurasa ya kira, na wuce. Ungozoma ta kira, na rufe ido. Suka ce Batakariyar nan kurma ce, suka ce girman kai ne, na ce su ce. Bayan rasuwar maigidana na shiga makarantar tsofaffi ta yamma, gemu ba ya hana ilimi balle furfurar mace. Malamarmu, Abla muke ce mata, yarinya ce sa'ar autata. Ranar farko ta kira Ummu wane sau uku, ina zaune a gabanta kamar turmi, ta sa mini alamar ban zo ba. Sati guda ana rubuta ban zo ba ina wurin. Da muka iya haɗa baƙi ta ce kowa ta rubuta sunayen 'ya'yanta. Na rubuta biyar, na bar layin farko fari. Ta ce na manta ɗaya. Na ce ita ce dai ba ta san komai ba, da duk takardunta. Amma da na koma gida na rufe ƙofa, na rubuta shi sau ɗaya a ƙyallen takarda, na dube shi, na tura shi ƙarƙashin garwar shinkafa. Na ce wa kaina rubutu ai ba faɗa ba ne.

Makka ba ta da kogi ba ta da tafki. Ruwan da muka sani na Zamzam ne da na garuwa, sai ambaliyar da kan gangaro daga duwatsu shekara-shekara. Amma da wancan ya girma, duk aikin da ke duniya bai ga na yi ba sai sojan ruwa. Ranar da na ji, na daka barkono har taɓarya ta tsage. Na hau wurin Gwaggo na ce a gaya masa teku ba ta da reshen da mutum zai kama. Ta ce, "Ke ki gaya masa mana. Bakin da ya sa mahauci kuka ne zai gagara yi wa ɗan cikinsa magana?" Ban gaya masa ba. Ya tafi, ya yi shekaru yana aiki a ɗakin inji, can ƙasan jirgi, ya yi aure, ya haihu, furfura ta fara fito masa a gemu. Gwaggo ta rasu. Ya zamana ba sauran wanda zan aika.

Ranar da aka kai wani hari ina tsince shinkafa a gaban talabijin. Ba a Makka ba ne, amma a ƙasar nan ne, kuma a masallaci ne, da azahar, mutane sun daidaita sahu. Wani ya shiga cikinsu da bam a jikinsa. Ba gawa suka nuna ba. Takalma suka nuna, jere a bakin ƙofa, kowanne da ɗan'uwansa, suna jiran ƙafafun da ba za su fito ba. Mu da muka tako daji da hamada da teku don mu zo inda ko tantabara ba a jifa, yau mutum ne zai yi alwala, ya ce Allahu akbar tare da kai, sannan ya tarwatsa ka kana ruku'u? Wace uwa ce ta yi masa wanka? Wa ya koya masa Fatiha? Shinkafar nan a cinyata ta wuni. Ban san siyasar abin ba, ban san yadda aka ƙulla wannan da yaƙin da ake yi a kudu ba, kuma duk tsohuwar da ta ce muku ta sani ƙarya take. Abin da na sani, kwana biyu bayan haka aka soke hutun kowane soja.

Wancan ya zo da rana tsaka cikin fararen kayansa. Bai shigo ba, a bakin ƙofar ɗakina ya durƙusa, mutum mai jikoki a hanya, gwiwarsa har tana ƙara. Ya ce, "Yaya, an ce mu tashi. Ban san ranar dawowa ba. A yafe mini." Ina tankaɗe. Ban ɗaga kai ba. Na ce wa rariya, "A ce masa Allah ya tsare." Ya ɗan jima a durƙushe, kamar mai jiran saura. Babu saura. Na ji takunsa yana sauka matakala, na ƙirga har ya ɓace, sannan na ga garin da nake tankaɗewa ya jiƙe.

Sati uku ba labari, don an karɓe musu wayoyin hannu. Ranar da abin ya faru akwai baƙi a ɗakina, tsofaffin unguwa uku, waɗanda muka yi lugude tare tun muna da ƙarfi, sun zo taya ni zama. Tarhon gida ya yi ƙara, tsohon nan mai igiya da maigidana ya sa. Na ɗauka. Muryar namiji ce, Balarabe, daga nesa, ana jin wani gurnani a bayansa. Ya yi sallama ya ce, Ummu wane? Ya faɗi sunan ɓaro-ɓaro, har matan da ke zaune suka ji. Ido shida a kaina. Wallahi ban yi tunani ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Galat." Wato ba nan ba ne, an yi kuskuren lamba. Ya sake tambaya, na sake cewa galat, na kife kan tarhon. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta gyaɗa kai ta ce ai irinmu sun ƙare, 'yan asali. Na zuba musu shayi. Sabo turken wawa.

Bayan la'asar matarsa ta hawo dutsen tana haki. Haihuwar nan ce, Hausarta rabi Larabci, Ammati take ce mini kamar yadda Larabawa ke kiran uwar miji, kuma ba ta san ana jin nauyin uwar miji ba. Ta ce matan abokan aikinsa duk an kira su yau, an ba kowane mutum a jirgin kira ɗaya, minti biyu, don za su shiga inda ba waya. Ita tun safe tana rungume da wayarta, ba a kira ta ba. Ta ce, "Ammati, ke fa? Ba wanda ya kira nan?" Na dubi tarhon. Ita ma ta dube shi. Ɗaya daga cikin tsofaffin nan, Allah ya shirye ta, ta ce ai wani ne ya kira ɗazu, kuskuren lamba. Matarsa ta zauna a ƙasa daɓas. Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi mini. A hankali ta ce, "Kira ɗaya aka ba shi. Bai kira ni ba, bai kira 'ya'yansa ba. Ke ya kira."

Kwana tara na yi a gindin tarhon nan. Nan nake salla, nan nake cin abin da na iya ci. In ya yi ƙara kafin ya rufe baki na ɗauka, sai in ji mai gas ne ko wata jika. Na ɗaga garwar shinkafa na ɗauko takardar nan na sa a ƙirjina. Abin da ke cina ba mutuwarsa ba ce kaɗai, kowa zai mutu. Abin da ke cina, in teku ta karɓe shi kamar yadda ta karɓi yayana, maganar ƙarshe da ta je masa daga bakina ita ce ba ni da ɗa mai wannan suna. A kwanakin nan ne na tuna innata da kifinta, na gane ba ƙaiƙayi ba ne. Rana ta tara aka kira matarsa. An kai wa jirginsu hari, akwai waɗanda suka rasu, shi yana asibitin sojoji a Jidda, da ransa.

A asibitin wata ma'aikaciya ta fito da takarda ta ce ina Ummu wane. Kun san ko a nan bakin nan bai buɗe ba? Hannu na ɗaga kamar a ajin Abla. Aka shiga da mu. Hannayensa biyu a naɗe har gwiwa, gefen fuskarsa ya saɓule, gemun ya ƙone. Matarsa ta faɗa kansa tana kuka tana magana, shi kuwa yana binta da ido kawai. Likita ya ja mu gefe ya ce ƙunar za ta warke, amma ƙarar ta same shi a cikin ɗakin ƙarfe a rufe, kunnuwan biyu sun tafi, kada mu sa rai. Na tsaya ina kallon bakin likitan. Shekara arba'in da wani abu yaron nan yana da kunne ni ina da baki.

Kurma ya fi kowa ba da labari, don ba mai katse shi. Kullum bayan azahar ina zaune a kujerar gefen gadonsa, shi yana kallon taga yana magana da ƙarfi, da Hausar da ya koya a ɗakin Gwaggo, tsohuwar Hausa irin wadda ba a yi yanzu. Duk rayuwarmu ba mu taɓa zama haka ba. Ya ce ranar da suka tashi ba wanda ya yi waƙa ko kirari irin na talabijin. Buhunan shinkafa da albasa suka wuni suna miƙa wa juna daga hannu zuwa hannu, kowa shiru, don a cikinsu akwai wanda ƙaninsa yana sahun masallacin nan. Mutumin bai yi kuka ba, sai wanke hannu yake ta yi. Aka raba musu takarda kowa ya rubuta wasiyya, yaran da ba su mallaki komai ba sai waya da takalmin ƙwallo suna tambayarsa me ake rubutawa. Ya ce su a ɗakin inji ba sa ganin yaƙi, ba sa ganin rana, zafi ne da gurnani da warin mai, ruwa yana saman kansu. Abin da ya fi damunsa alƙibla. Shi da ya tashi in zai yi salla gangaren dutse kawai yake duba, ga shi a inda sai lasifika ta faɗa masa inda Ka'aba take, kafin ya kai raka'a ta biyu jirgi ya juya. Ya ce har sahu suka riƙa tsoro. Mutum ya ta da kabbara yana satar kallon na kusa da shi, wanda suka shekara goma suna cin abinci a tire ɗaya. Wannan, in ji shi, shi ne abin da mai bam ɗin ya yi musu tun kafin su ga abokin gaba.

Ranar harin jirginsu kuwa bai ga komai ba. Na sama ne suka ce wani ƙaramin jirgi ne ɗauke da bam ya taso da safe, irin na masunta, ba wanda zai dube shi sau biyu. Shi dai yana duba wani bututu sai ƙasa ta taso ta buge shi. Da ya farka ya ga wuta, ya ga mutane suna buɗe baki ba sauti, ya zaci mafarki ne. Ya kama ƙofar ƙarfe da ta yi ja ya ja ta don na ciki su fita, a nan hannayen suka tafi. Mutumin nan mai wanke hannu bai fito ba.

Sai a rana ta biyar ya zo kan maganar kiran nan. Bai dube ni ba. Ya ce ranar kiran layi suka yi a wani siririn lungu, mai kula da waya yana zaune, kai za ka faɗi lamba da wanda za a nema, in an ɗauka ya miƙo maka. Yana cikin layin yana ta shawara da zuciyarsa, har ya iso bai san lambar da zai faɗa ba, sai ya ji bakinsa ya faɗi ta gidan dutse. Ba wata magana yake so ya yi ba. So yake ya ji ko daga nesa, inda ba ido, za a ce masa wani abu ban da a ce masa. Mai wayar ya buga, ya yi magana, ya sake, sannan ya ɗago ya ce a gaban kowa: ta ce galat, ka tabbata lambar uwarka ce? Na bayansa suka yi dariya, wani ya ce tsoho ya manta lambar gidansu. Mai wayar ya ce ya ba da wata lambar, ba za a lissafa wannan ba. Shi kuwa ya ce a'a, lambar daidai ce, kuma an ɗauka, na baya ya matso.

"Na ji muryarki ta cikin kan wayar," ya ce. "Sau biyu. Na ce to, tana da rai, kuma tana nan yadda na bar ta."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na zaro takardar nan daga ƙirjina, ta yi laushi da gumi, na buɗe ta a gaban idonsa. Rubutun farkon koyo ne, baƙaƙen sun karkace kamar haƙoran tsohuwa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa naɗaɗɗen hannunsa ya ture ta gefe.

"Wannan aikin Abla ne, Yaya. Na gode mata."

Na nuna masa kunnensa, na yarfa hannu, wato me ya rage, ai ba za ka ji ba. A karo na farko tun yana cikin zanen goyo ya dube ni ido cikin ido, ni ma ban kawar ba.

"Tun ina leƙowa daga gidan Gwaggo bakinki nake kallo," ya ce. "Na san yadda yake yi in zai yi zagi, na san yadda yake yi in zai ce wancan. Guda ɗaya ce ban taɓa gani ba."

Matarsa tana tsaye, ga ma'aikaciya tana gyara ruwan da ake ƙara masa, ga wani majinyaci a gadon can da 'yan'uwansa. Na ji innata a bayana, na ji tsohuwar cikin jirgi, na ji duk matan da muka yi lugude tare. Na faɗa. Ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka shekara ba a buɗe ba. Ma'aikaciyar ko waiwayowa ba ta yi ba, a wurinta wata tsohuwa ce ta kira ɗanta. Shi kuwa bai ji komai ba, ko ɗigo. Idonsa yana kan leɓena.

"Kin yi sauri," ya ce. "Sake."

Na sake. Ya ce in sake. Ranar har aka kira la'asar ina faɗa.

Gidan dutse ya tafi da tarhonsa, ban ɗauko shi ba. A nan Shisha kullum da safe yakan fito falo ya zauna inda haske ke faɗo mini a fuska, ni kuwa na san abin da ya zo karɓa. Maƙwabciyarmu ta hawa na uku in ta ƙwala Ummu wane daga matakala, na'am ɗin da nake yi har masu shago a ƙasa suna ji. Duk ginin nan ba wanda bai san sunan ɗana daga bakina ba, sai shi.